Ranar da na buɗe cikin kibod ɗina na tarar da zoɓo da ƙurar hunturu

Ni malamin makaranta ne, a Mabera nake zaune, kuma da dare ina ɗan taɓa buga wa ɗalibai furojet da takardun jarrabawa a wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke kuryar ɗakina. Kibod ɗin mai waya ne, baƙi, irin na kowa da kowa, shekararsa huɗu a hannuna ban taɓa yi masa komai ba sai dai in hure shi da baki. A tsakiyar Janairun da ya wuce, lokacin da hazo ya rufe Sakkwato har ba a ganin ƙarshen layi da safe, sai maɓallin A ya fara maƙalewa. In na danna shi sau ɗaya sai ya zubo mini biyar, ko kuma ya nutse ya ƙi tasowa sai na sa farce na ɗago shi. Dogon maɓallin nan na ba da tazara shi ma ya yi nauyi. Abin takaicin, furojet ɗin da ke gabana na Hausa ne, shafi wajen tamanin, kuma duk wanda ya taɓa buga Hausa ya san da wuya ka yi kalma biyu ba ka taɓa A ba. Na ɗora laifin a kan ƙura. Sai bayan kwana biyu uwargida ta faɗa mini, tana kallon gefe, cewa 'yar autarmu ta kifar da kofin zoɓo a kan teburin tun mako biyu da suka wuce, ita kuma ta goge saman da tsumma ta yi shiru don kada in yi faɗa.

Kuskurena na farko a daren nan na yi shi. Na jiƙa tsumma, ban kashe kwamfutar ba, ban zare wayar ba, na hau gurzar maɓallan kamar mai wanke tukunya. Ina cikin yi na ji kwamfutar ta yi wani ɗan kuka, wani akwati ya fito a kan allo, na danna Enter ban ko karanta ba don hankalina yana kan gogewa. Da na ɗago kai, rabin shafi ya cika da shirme, wani sakin layi kuma ya ɓace ɗungurungum. Allah ya taimake ni na dawo da shi da linzami ta hanyar kiban nan na komawa baya a Word. Amma kibod ɗin ya zama kamar matacce. In na danna harafi ba ya fitowa sai na riƙe shi na ɗan lokaci, in na maimaita harafi sau biyu ɗaya kawai zai bayyana. Na ce shi ke nan, ruwa ya shiga, na kashe shi da hannuna. Na kwana ina lissafin kuɗin sabo a tsakiyar wata.

Da safiyar Asabar na naɗe shi a leda na hau kabu-kabu zuwa wajen masu gyaran waya da kwamfuta da ke cikin gari, Naira 500 ɗan kabu-kabun ya karɓa. Na isa ƙarfe tara da 'yan mintuna, na tarar da yaron shago kaɗai yana share ƙura daga kan gilashi. Na tambayi maigidansa, ya ce, "Shina nan tahe, Malam, zamna." Wannan "shina nan tahe" ta ci mini awa ɗaya da rabi a kan benci, ina shaƙar hayaƙin janareton maƙwabta. Da mai gyaran ya iso, matashi ne da bai kai ni shekaru ba, bai ma zauna ba ya soka wayar kibod ɗin a laftof ɗinsa ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Duk suna aiki, ban da A da na tazara da wasu biyu da ke maƙalewa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wanga kibod bai mutu ba. Mi kay yi mai jiya?" Na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce matsalar tana cikin kwamfutata ta gida. A Windows, in mutum ya danne Shift na hannun dama har daƙiƙa takwas, wani tsari da ake kira Filter Keys yakan nemi ya kunna kansa. An yi shi ne don masu rawar hannu, shi ya sa yake watsi da dannawa ta gaggawa da wadda aka maimaita. Akwatin da na amsa ban karanta ba, shi ne. Haka in ka danna Shift sau biyar a jere, ɗan'uwansa Sticky Keys ne zai fito. Ya nuna mini inda ake kashe su a cikin saitin kwamfuta, ɓangaren sauƙaƙa amfani, ƙarƙashin kibod. Na ji kunya da sanyin rai a lokaci guda.

Maganar maƙalewar kuwa, ya ce in na bar masa zai wanke a kan Naira 2,500 in dawo Litinin da yamma, sabo irinsa kuma 7,000 ne a shagon da ke kusa. Da ya ga na yi jim, sai ya ce aikin ba wani na ƙwararru ba ne, in ina da haƙuri in yi abina a gida. Ya lissafa mini abin da zan nema, ya kuma ja mini kunne a kan abu uku. Kada fetur ko kananzir ko ruwan goge jan farce ya taɓa robar, don na ƙarshen nan narkar da ita yake yi ya cinye haruffan. Kada in zuba kowane irin ruwa kai tsaye a kan kibod ɗin. Kada kuma in kai wa mai faci ya hura masa iska, domin iskar injinsu tana da ƙarfi fiye da kima kuma takan fito da laima da ɗigon mai. Wannan ta ukun kamar ya shiga zuciyata ya gani, don da ma niyyar da nake da ita ke nan a hanyar komawa gida. Na miƙa masa Naira 500 na ruwa, ya ƙi karɓa, na ba yaronsa.

Sayayyar ta fi yadda na zata cin lokaci. Ya ce in nemi sinadarin isofurofil, wanda su masu gyara suke amfani da shi, amma kemis biyu da na shiga ba su da shi, sai sifirit ɗin nan da ake goge wurin allura. Na kira shi a waya ya ce zai yi, in dai na zaɓi fari ba mai launi ba, don mai launin yakan bar tabo. Ƙaramar kwalba Naira 800, fakitin tsinken auduga na goge kunne 500. Daga nan na gangara babbar kasuwa na sayi ƙaramin burushin fenti sabo a kan 600. Gwangwanin iskar nan da ake gani a bidiyo ana fesa wa kibod na tambaya a shago uku, ɗaya ma ya miƙo mini maganin sauro. Na haƙura, na aro famfon keken ɗan yayana, kuma ya yi aikin daidai gwargwado.

Ranar Lahadi da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, inda iska ba ta kaɗawa sosai. Abu na farko da na yi, kuma shi ne ya fi komai amfani a duk aikin, na ɗauki hoton kibod ɗin da waya, ɗaya gaba ɗayansa, biyu kuma na kusa, hagu da dama. Mutum yana ganin ya haddace wurin kowane harafi, amma yatsu ne suka haddace, ido bai sani ba. Sai na kifa shi a kan farar takarda na bubbuga bayansa da tafin hannu. Abin da ya zubo ya isa a kafa shaida a kaina: jan ƙasa mai laushi kamar garin lalle, ɓawon gyaɗa, gutsattsarin ƙuli-ƙuli, ƙwayoyin riɗi, gashin gemu, ƙarafunan maƙale takarda guda huɗu, da busassun cinnaku da suka biyo zaƙi suka mutu a ciki. Na bi tsakanin layukan da burushin fenti, na hura da famfo daga gefe zuwa gefe, na sake kifawa. Da ƙura ce kaɗai matsalar, a nan aikin zai ƙare, minti goma sha biyar. Amma A yana nan a maƙale.

Sai cire maɓallai. Na naɗa ƙyalle a bakin ƙaramin sukudireba mai faɗi, in zura shi ƙarƙashin gefen maɓalli in ɗan murɗa, sai ka ji ɗas, ya fito. Na farkon ya yi tsalle ya faɗa cikin takalmin da ke bakin ƙofa, daga nan na koyi dafa yatsa a kansa kafin in ɓalle. Guda 104 ne, na ƙirga su ina jefawa a roba. Manyan su ne masu wahala. Na tazara, da Shift, da Enter suna da wata siririyar waya ta ƙarfe a ƙarƙashinsu, mai lanƙwasa a bakinta biyu, wadda ke shiga wasu 'yan ƙugiyoyin roba don maɓallin ya sauka daidai ko ta wane gefe aka danna shi. In ka fizge da ƙarfi ƙugiyar ce za ta karye. Na ɗaga su a hankali daga sama, na zame wayar, na ajiye kowace waya kusa da maɓallinta. Wani abu da ya ba ni dariya ina jera su a hannu: A ya goge har ya yi sheƙi, harafin ya kusa ɓacewa, N da K da I suna biye da shi, amma Q da X da V da P suna nan sababbi fil kamar yau aka fito da su daga kwali. Ko ba a faɗa ba, kibod ɗin ya nuna yaren da ake bugawa da shi.

A ƙarƙashin A na ga mai laifin. Kowane maɓalli yana da 'yar ƙafa da ke shiga wani ɗan bututu a jikin kibod ɗin, to zoɓon ya gangara cikin bututun ya bushe, ƙurar hunturu ta bi ta zauna a kansa, suka zama wani jan danƙo kamar na alewa. Na tsoma tsinken auduga a sifirit na goga, na goga, danƙon ya ƙi tafiya, sai dai ya mulmule. Nan na gane abin da ba wanda ya gaya mini: sukari ba ya narkewa sosai a sifirit, ruwa yake ji. Da na jiƙa wani tsinken da ruwan ɗumi na matse shi, shafa uku ya fita. Sifirit aikinsa maiƙon hannu da dattin da ya daskare a saman roba, kuma yana bushewa nan take, shi ya sa na riƙa bin bayan ruwan da shi. Yana kama wuta, don haka na hana a kawo kaskon garwashin da ake jin ɗumi kusa da ni.

Maɓallan kuwa na jiƙa su a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗan sabulun wanke-wanke, na bar su rabin awa. Ruwan ya koma kalar shayi. Na bi su da tsohon burushin haƙori ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ci kusan awa guda kuma ya gundure ni ƙwarai. Wajen ɗauraya na juye su a matsamin taliya, don na hango yadda ƙaramin maɓalli zai bi ruwa ya shige rariya in kwana ina nema. Na baza su a kan tawul a faranti, a kife, a inuwa.

Da na tsaya nan da ya wadatar, amma na ga jan tabo ya gangara ta cikin ramin, sai na ce bari in duba ciki. Noti goma na kwance a bayansa, ya ƙi buɗewa, ashe akwai na sha ɗaya a ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna mai ɗauke da lambobi. Cikin ba shi da wani abin tsoro. Akwai shimfiɗar roba mai taushi cike da 'yan ƙululai, ɗaya ga kowane maɓalli, su ne ke turo shi sama bayan an danna. Ƙarƙashinta ledoji uku ne sirara a jere: ta sama da ta ƙasa da zanen layuka masu kalar azurfa, ta tsakiya kuma huda-huda ce kawai, tana raba su. In ka danna, ƙululun ya matse ta sama ta taɓa ta ƙasa ta cikin hudar, saƙo ya tafi. A kusurwar dama ta sama, inda fitilun nan uku suke, akwai ɗan ƙaramin allon lantarki, shi ne bai kamata ruwa ya kusance shi ba ko kaɗan. Kafin in taɓa shi sai da na dafa ƙofar ƙarfe, saboda a bushewar hunturu jiki yana tara lantarkin nan da ke ɗan jan mutum in ya taɓa mota ko ƙyaure, kuma yana iya lalata irin wannan allon. Shimfiɗar robar na wanke ta da ruwa. Ledojin kuwa zoɓon ya taɓa gefen ta sama ne kawai, na shafa da auduga mai ɗan laima a hankali, ban gurza ba, don layukan fenti ne kawai a kan leda, in suka kankare an gama.

Ina cikin haka Baba ya shigo daga masallaci bayan Azahar, ya tsaya a kaina da carbinsa. Shi tsohon mai buga tafireta ne a ma'aikatar gwamnati, ya yi ritaya tun ina sakandare. Ya ce, "Mi kaka yi haka, ka tarwatsa abu kamar kayan miya?" Na ce, "Baba, wanki nike mai." Ya ɗauki maɓalli ɗaya ya juya shi, ya duba hoton da ke wayata, ya ce jerin haruffan nan bai canza ba tun na tafiretarsu, har 'yan ƙurajen da ke kan F da J inda ake aza manuniya ya shafa da yatsa. Gaskiyarsa, jerin ya samo asali ne daga tafiretocin da kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Sannan ya ce abin da ya tsaya mini: a ofishinsu ba mai tashi aiki bai sa wa tafiretarsa riga ba, ko da rani ko da damina, wanda ya manta kuwa sai ya ji daga babban akawu. "Ku yaran yanzu kun aje na'ura tsirara cikin hunturu, kuna mamakin ƙasa."

Jiran bushewa ya fi komai ci mini rai. Iskar Sakkwato a Janairu tana busar da wanki cikin awa ɗaya, don haka da La'asar na ga saman maɓallan ya bushe ƙayau na fara shirin mayarwa. Allah ya sa na yarfa ɗaya a bayan hannuna, sai ga ɗigon ruwa ya fito daga cikin ƙafarsa. Na yarfa wani, haka. Uwargida ta ce a shanya a rana ko a sa na'urar busar da gashi, na ƙi, don zafi yana lanƙwasa roba, musamman dogon nan na tazara. Na bi su da famfon keke, na lulluɓe farantin da gyale mai shara-shara saboda ƙura, na bar su su kwana. Mai furojet ya kira sau uku a daren. Na gwada ci gaba da aikin da kibod ɗin da Windows ke nunawa a kan allo, ana danna haruffa da linzami, na yi layi shida na ce a kai kasuwa.

Litinin bayan na taso daga makaranta na haɗa. Na jera ledojin a kan 'yan turakun da aka yi musu, na ɗora shimfiɗar roba, na ɗaure, na mayar da maɓallan ina duba hoto. Manyan na fara sawa, sai an saƙala wayar ƙarfen a ƙugiyoyinta tukuna sannan a danna maɓallin ya zauna. Na buɗe Notepad, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, na fara gwaji, gabana ya faɗi: wasu haruffa kusan goma ba sa fitowa sam. Na sake kwance noti goma sha ɗaya. Ashe inda bakin ledojin ke haɗuwa da allon lantarkin akwai wani ɗan ƙarfe mai roba da ke matse su, ni kuma ban ɗaure shi sosai ba, ledar ta ɗan zame. Na daidaita, na ɗaure tamau, duk suka dawo. Saura ɗaya: na buga "muna nan" ina kallon maɓallai sai ga "numa mam". Duk da hoton, na musanya M da N.

A ya koma kamar sabo, kuma daɗin haka ne ya kai ni ga ɓarnar da ta fi tsada. Na ce wa uwargida ta kawo laftof ɗinta in yi mata irin wannan. Na zura sukudireba ƙarƙashin maɓalli ɗaya na murɗa yadda na saba, sai na ji ƙas maimakon ɗas. Maɓallan laftof ba ƙafa da bututu gare su ba, wasu 'yan robobi ne farare guda biyu a sarƙe kamar almakashi, sirara kamar ƙayar kifi, kuma na karya haƙorin ɗaya. Washegari na koma wurin mai gyaran nan da laftof a hammata, ya ciro irinsa daga wani mataccen kibod ya sa, Naira 1,500, ga kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Ya ce laftof a kashe ta, a zare caja, a karkata ta a share da burushi, a goge saman da ƙyalle mai ɗan sifirit, a tsaya nan. In abu mai zaƙi ya zube a ciki kuwa, a kashe ta nan take, a kife ta, a kawo musu, don uwar na'urar tana ƙarƙashin kibod ɗin ne kai tsaye.

In na haɗa lissafi, wankin kansa Naira 1,900 ya ci, da wuni ɗaya na aiki da dare ɗaya na jira. Sauran kuɗin da wahalar duk na gaggawa ne da rashin tambaya. Da zan sake, zan fara zare waya kafin tsumma ya taɓa komai, in tambayi mutanen gida ko wani abu ya zube, don maganin ƙura daban, na zaƙi daban. Zan cire maɓallan da ke maƙalewa da maƙwabtansu kawai maimakon duka 104, ba kuma zan kwance noti ba sai na ga alamar ruwa ya wuce ƙasa. Wanda kibod ɗinsa ya daina aiki bayan gogewa, ya gwada shi a wata kwamfutar kafin ya yanke masa hukunci. Wanda kuma lokacinsa ya fi kuɗin sabo tsada, ba laifi ya saya, ni dai tsakiyar wata ce ta sa na koyi aikin.

Furojet ɗin na miƙa shi ranar Alhamis, an makara da kwana biyu. A ranar ce kuma uwargida, wadda har yanzu takan tuna mini da maɓallin laftof ɗinta, ta auna kibod ɗin da taƙin hannu ta ɗinka masa riga da ragowar atamfar Sallah, mai zanen ganye kore. Baba ya gani da ya shigo, ya ɗaga gefenta ya duba ɗinkin, ya ce ta ofishinsu ta leda ce mai ruwan toka, amma wannan ma za ta yi.